Ranar da Majalisa Ta Shigo Zaurenmu

Bana ruwa ya sake yi mana halinsa. Ya sauko da wuri, kowa ya ɗauki sungumi, gero ya tsiro har ya fara rufe ƙasa, sai sama ta ɗauke wayam. Shekaranjiya da la'asar ina zaune gindin darbejiya ina tsinke zogale, autana Nasiru ya dawo daga Marnona, ya jingine babur, ya zauna bakin tabarmata ya duƙufa kan waya. Na ji hayaniyar maza tana fita daga cikinta, ana buga wani abu ƙwas, ƙwas.

Na ce, "Mi kaka kallo haka?"

Ya ce, "Majalisa ta, Inna. Maganar manoma anka kawo."

Na goge hannuna na karɓi wayar. Ga kujeru kore jere bisa jere, ga wani mutum can sama shi kaɗai, riƙe da 'yar guduma da ba ta kai muciya ba. Na daɗe ina kallonta. Shekaru da yawa da suka wuce na taɓa jin ƙarar wannan guduma, kuma tun daga ranar ni a raina tabarya ce ake ɗagawa da hannu biyu.

Lokacin majalisa tana Ikko, wato Legas. Ni kuma ban daɗe a gidan aure ba, an kawo ni daga Rabah zuwa wannan ƙauye namu, ina goyon ɗiyata ta fari, wadda har yau ba na faɗar sunanta, 'Yar Inna muke ce mata. Mu huɗu ne manya a gidan: Baba, mahaifin maigidana, wanda yake limancin unguwa, Inna, mahaifiyarsa, sai shi maigidan, sai ni.

Damanar da ta wuce kafin nan ba ta yi kyau ba, saboda haka tun tsakiyar bazara ake jin ƙasan rumbu idan an zura ƙwarya. Da ruwan farko ya sauka muka yi shuka, ya ɗauke, tsiron ya ƙone. Aka sake samun yayyafi, muka sake shuka, wannan ko fitowa bai yi ba, tsuntsaye da zafin ƙasa suka raba. Sannan azumi ya kama a cikin wannan zafin. Ban taɓa ganin rana irin ta shekarar ba. Kafin hantsi randa ta yi ɗumi. Hadari yakan haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, a fara kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi, ta bar mu da ƙanshin ruwan da ya sauka a garin wasu. An fita roƙon ruwa har da dabbobi. Rijiyar unguwa sai an ƙara igiya, abin da guga ya ɗebo kuma rabinsa laka.

Abincinmu ya koma tafasa da yaɗiya. Da sassafe ni da Inna mu fita tsinko ganye, mu dafa, mu zubar da ruwan ɗacin, mu kwaɗa da ɗan ƙuli idan an samu. Dusar da a da muke ba awaki, ita muka koma tankaɗewa muna dama kunun shan ruwa. Amma a cikin ɗakin Inna, can sama jikin azara, akwai dammunan gero rataye, zangarniya zaɓaɓɓiya, an shafe su da toka saboda ƙwari. Irin shuka ne, na ƙarshe. Duk wanda ya shiga ɗakin sai idonsa ya ɗaga sama, sannan ya yi sauri ya mai da shi ƙasa.

Ina azumi kamar kowa. Na san mai shayarwa tana da sauƙi, amma me zan ci da rana a gidan da ba a hura wuta sai yamma? Kuma da wane baki zan ce a ware mini? 'Yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta nuna damuwa da ɗan fari gaban surukai, ko faɗuwa ya yi sai dai ki kau da kai wata ta ɗauka. Nonona yana ja baya kullum, na yi shiru.

Ana cikin haka sai labari ya zo daga kasuwar Wurno cewa wakilinmu zai tashi a majalisa ya yi maganar fari, ya nemi a kawo mana hatsi da iri. Ɗan gidan malamai ne na Wurno, Baba ya san mahaifinsa, sun yi karatu zaure ɗaya. Aka ce kuma za a saka zaman a rediyo. Nan take maganar ta shigo gidanmu ta zauna. Maigida ya ce idan gwamnati za ta kawo iri, to ajiye wancan na ɗaki wahalar da kai ne, a sauke a ci. Inna ta ce ba a taɓa shi. Baba ya ce a bari a ji abin da za a yanke.

To, rediyon da ke aiki a unguwar kaf nawa ne. Yayana ne ya saka mini cikin kayan ɗaki, da rigarsa ta fata. Maza suka aiko a ba su su kai ƙofar masallaci. Inna ta tare ɗan aiken a tsakar gida.

Ta ce, "Ka ce masu rediyon ɗiyata ba shi fita. Wanda ka son ji shi taho zaure. Mu ma da kunnuwanmu."

Ranar, tun da safe na cire batura na jera su kan dutsen niƙa a rana, don an ce haka suke ƙara ƙarfi. Wajen hantsi zaure ya cika. Maza suka zazzauna, wasu suka kishingiɗa da jiƙaƙƙen rawani a fuska. Mu mata muka taru bayan ƙofar ciki, inda zana ta kare mu. Aka ɗauko Malam Buba, malamin firamare mutumin Goronyo, aka zaunar da shi gaban rediyo, domin da Turanci ake yin abin, shi zai riƙa juya mana.

Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne in san yadda suke yi. Mutane daga kowane gari, ba su san juna ba, ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, a ce sun zauna ɗaki guda su yanke magana. Wa ke fara magana? Wa ke cewa ya isa? Idan tsoho ya yi kuskure, yaro yana iya ce masa a'a?

Da aka buɗe, sai muka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Wata maƙwabciyarmu ta ce daka suke yi. Malam Buba ya ce shugaban zaman ne, kakaki, yake buga guduma don a yi shiru. Muka gyara zama muna jiran a ambaci fari. Ina! Sai da suka daɗe suna gardama kan abin da suka faɗa jiya, ko an rubuta shi daidai. Daga nan aka shiga maganar wata gada a wata jiha da ban taɓa jin sunanta ba. Wani ya yi ta magana har kakaki ya buga masa guduma, bai daina ba, aka yi ta dariya a can. Wani dattijo a zaure ya ce, "Waɗanga dai ba su azumi."

Aka yi azahar aka dawo, ba a zo kanmu ba. Zafi ya kai inda ko ƙuda ba ya tashi. 'Yar Inna tana bayana, jikinta zau, ba ta motsi sosai. Na sauke ta na ba ta nono, ta ja kaɗan ta saki. Na mai da ta baya, na gyara zani don kada a lura.

Can sai wata murya ta tashi, siririya, a natse. Ba ma jin ko kalma ɗaya, amma a tsakiyar Turancin sai muka ji, "Wurno." Sannan "Rabah." Sannan "Goronyo." Wallahi duk wanda ke kwance sai da ya tashi zaune. Sunan garinmu, garin da aka haife ni, ana faɗarsa a bakin teku, gaban mutanen duniya.

Inna ta leƙa ta zana. "Malam Buba, mi yac ce?"

"Ya ce an yi shuka sau biyu ta mutu. Ya ce rijiyoyi sun ƙahe, mutane na sai da dabbobi. Ya ce a aiko da hatsi da iri tun kahin lokacin shuka shi wuce."

"To, ai gaskiya yaf faɗi. Saura mi?"

"Saura a ji na wasu, Inna."

"Wasu sun hi shi sanin gonarmu?"

Kafin ya amsa, wata murya ta riga ta shigo, kakkaura, mai faɗa. Malam Buba ya kara kunne jikin rediyo, ya ɗaga mana hannu. Da ya ɗago ya ce wannan mutumin kudu ne, daga inda koguna ke shiga teku. Ya ce shi bai yarda a yi maganar fari ita kaɗai ba, domin mutanensa yanzu haka ruwa ya cinye gidajensu da gonakinsu na rogo, suna kwana cikin kwale-kwale.

Inna ta juyo ta dube ni.

"Ruwa ya yi masu yawa? Cikin ƙasag ga tamu?"

Na ce haka ya faɗa. Ta girgiza kai a hankali, ta ce, "Ikon Allah." Ni kuwa na rasa yadda zan yi da mutumin. Da farko na ji haushinsa, ga shi zai tare mana hanya. Amma na kasa daina hango matan garinsu, da goyo a baya kamar ni, suna neman busasshiyar ƙasa da za su kafa murhu.

Daga nan abin ya rikice. Wani ya ce babu kuɗi a baitulmali. Wani ya ce wannan aikin jiha ne, ba na tarayya ba. Wani ya ce an kusa zaɓe ne shi ya sa kowa ya tuna da talakansa, aka yi masa ca. Guduma ta yi ta bugawa. Malam Buba ya yi gumi sharkaf, yana juya wannan, wancan ya wuce shi, har ya ce mu yi masa haƙuri, su ma can ba sa jin juna. Muryar rediyon ta fara ja baya, maigida ya ɗauke shi ya ɗora kan kafaɗa yana juyawa sai da ta dawo.

Sai siririyar muryar nan ta sake tashi. Ba ta daɗe ba. Bayanta mai kakkaurar murya ya yi magana, gajeriya shi ma, sai muka ji tafi.

Malam Buba ya yi murmushi. "Namu ya ce a haɗa maganar biyu, da wanda ruwa yaƙ ƙi da wanda ruwa yac ci, a taimaka masu tare. Na kudu ya ce in haka na, shi ma ya goyi baya. Yanzu za a yi ƙuri'a."

Na matso har goshina yana taɓa zana. Ina zaton za a kawo akwati, ko a yi layi. Sai Malam Buba ya ce da baki ake yi: kakaki zai ce masu so su amsa, sannan marasa so su amsa, ɓangaren da ya fi ƙara shi ya ci.

Kakaki ya yi tambaya. Rediyon ya ɗauki ruri kamar kasuwa ta tashi. Baba, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba in ba a kabbara ba, sai ji muka yi ya ce, "Eh!" da ƙarfinsa, har carbinsa ya faɗi. Zaure ya fashe da dariya, shi ma ya rufe baki da hannun riga. Kakaki ya sake tambaya, aka sake wani rurin. Ni dai a kunnena bai gaza na farko ba. Dariya ta ɗauke. Ba abin da ake ji sai shuuu na rediyo.

Ƙwas.

"Masu so sun rinjaya," in ji Malam Buba.

Aka yi ta hamdala, ana musabaha kamar an ga wata. Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba, daga bayan zana na ce, "Da mi yag gwada?" Na tuna gaban wa nake, na toshe baki. Malam Buba ya yi dariya ya ce, "Wallahi ni ma ban taɓa gani ba. Da kunne dai, ina zato."

Bayan la'asar mutane suka watse, ya rage Baba da maigida da Malam Buba a zaure, ni da Inna a bakin ƙofa. Maigida ya ce to an gama, a sauke geron nan a surfa, yau a sha ruwa da fura.

Inna ta ce, "Sun ce za su kawo. Sun ce yaushe?"

Baba ya dubi Malam Buba. Ya ɗan sosa ƙeya ya ce akwai abin da aka faɗa a ƙarshe, hayaniya ta hana a ji. An ba wasu 'yan majalisar aiki, kwamiti, su zo su gani da idonsu, su koma su ba da labari, sannan a san abin da za a aiko. Ko mako ne, ko wata, shi ba zai yi mana ƙarya ba, bai sani ba.

Maigida ya ce ko ba su kawo da wuri ba, ina ruwan da za a yi shukar? Mutum ya mutu da yunwa yana kallon hatsi? Inna ta ce idan ruwa ya sauka gobe fa, da me za a shiga gona, da labarin rediyo? Suka yi ta yi, murya ƙasa-ƙasa, kowa leɓensa ya bushe. Baba yana gefe yana jan carbi. Can ya juyo wajen zana.

"Rabi."

Tunda aka kawo ni gidan, tsakanina da shi gaisuwa ce a durƙushe.

"Na'am, Baba."

"Yau mun wuni muna jin mutanen da ba mu sani ba, kowa ya tashi ya hwaɗi tashi. Ke da rediyonki munka ji su, ba mu ji taki ba. Mi kinka gani?"

Na durƙusa. Na so in ce duk abin da suka yanke daidai ne, maganar har ta zo bakina. Sai na ji nauyin yarinyar a bayana, yadda kanta ya langaɓe gefe guda. Na dubi ƙasa na ce, "Baba, ni ban san na iri ba. Amma nonona ya ƙahe. Yarinyag ga tun jiya ba ta yi kuka ba."

Kunya ta rufe ni kamar in nutse. Sai na ji hannun Inna yana kwance mini goyo. Ta ɗauki yarinyar, ta shafa maɗigarta, ta ga ta faɗa ciki. Ta ja fatar cikinta, fatar ta tsaya ba ta koma ba.

"Azumi kika yi?"

Na gyaɗa kai.

"Tun hwarko?"

Na sake gyaɗawa.

Baba ya yi salati. Ya ce, "Ɗiyata, Allah bai ɗora maki wanga ba. Mu ma ba mu ɗora maki ba."

Inna ba ta tsaya jin sauran ba. Ta miƙa wa maigida yarinyar, ta shiga ɗaki, muka ji tana jan turmi. Ita da kanta ta hau, da tsufanta da azuminta, ta kwanto dami guda. Ta fito da shi a ka, toka tana zubo mata a fuska, ta dire tsakar gida.

Ta dubi ɗanta ta ce, "Wanga na Rabi na, ita ɗai. Kai da ni da ubanka, tahwasa ba ta kashe mu ba. Sauran kuma na gona na, ko majalisar da kanta tat taho."

Ta sussuka, ta surfa, ta hana ni taɓa tabarya. Rana ba ta faɗi ba ta dama kunu mai kauri, ta ja ni bayan rumbu ta miƙa mini ƙwarya. Na ce a bari a kira salla, saura kaɗan. Ta ce, "Sha ina kallo." Na kafa kai. Ƙanshin geron nan da ɗumin da ya bi mini ciki, har yau ban ci abin da ya kai shi ba. Ina sha hawaye yana zuba cikin ƙwaryar, ita kuwa tana tsaye ta juya mini baya, tana tare ni daga idon mutane. Bayan 'yan kwanaki yarinyar ta tsala kukan da ya tashi gidan kaf, Inna ta ce kada kowa ya rarrashe ta, a bar ta ta yi.

Ruwa bai sauka ba sai gab da salla. Da ya zo kuwa ya zo da gaske, aka kwana aka wuni ana yi. Muka shiga gona da abin da ya rage a ɗakin Inna, maigida yana sara, ni da ita muna bi muna jefawa muna rufewa da ƙafa. Maƙwabtan da suka riga suka cinye nasu suka zo, ta ɗan ɗiba musu da tafin hannu. Lokaci ya ƙure, geron bai yi tsawo ba, damana kuma ta ɗauke da wuri. Abin da muka girbe bai kai rabin rumbu ba.

'Yan kwamiti sun zo, sai dai sun iske gari kore shar. Mutane suka tsorata kada su koma su ce ƙarya aka yi. Baba ya kama hannun babbansu, wani mai kwat da ba ya jin Hausa, ya kai shi bakin rumbunmu, aka kafa masa tsani. Ya hau ya leƙa, ya daɗe kansa a ciki, sannan ya sauko. Na leƙa shi sosai ta zana, ina son in ji muryarsa ko shi ne mai kakkaurar nan. Har suka tafi bai buɗe baki ba.

Hatsin bai iso ba sai bayan kaka, lokacin har mun daina zancensa. Masara ce, ja-ja, mai tauri kamar tsakuwa, irin da ba mu taɓa gani ba. Mata suka yi ta zagaya buhu suna tauna ƙwaya suna tofarwa. Inna ta sa aka jefa namu cikin rumbu, ta ce a bar shi nan, ba ta da abin yi da shi.

Geronmu ya ƙare tun kafin bazara ta yi nisa. Inna ta sa aka fito da masarar. Muka jiƙa ta kwana, muka daka mu biyu har hannuwanmu suka yi kanta, na tuƙa tuwo ya fito rawaya kamar an zuba masa kurkum. Shi muka ci har sabon gero ya nuna. Ranar da aka fara cin tuwon masarar, kowa ya zuba wa Inna ido. Ta gutsura, ta dangwali miyar kuka, ta tauna a hankali, 'Yar Inna tana tsaye jikin gwiwarta tana miƙo hannu. Ta gutsuro kaɗan ta saka mata a baki, sannan ta dubi Baba.

"Malam, ashe mutanen ga ba maganar bara sunka yi ba. Ta bana sunka yi."